Wanda Ya Riƙe Igiya a Bakin Rijiya

Akwai wani manomi da yake zaune a wani ƙauye a kan tudu, shi da ƙanensa Jatau, gida ɗaya, gandu ɗaya, kamar yadda mahaifinsu ya bar su. Ƙasar tana ba da gero da dawa daidai gwargwado, amma ƙauyen ba shi da rijiya. Kakanninsu sun gwada ginawa a wurare dabam-dabam, ba su tarar da kome ba sai dutse, har ramukan suka zama wurin zuba shara. Da damina ba mai tunawa da wannan. In rani ya yi nisa kuwa, sai mutane da shanu su haɗu a kududdufi ɗaya, ruwan ya yi kore, ana tacewa da gefen zane ana sha.

A wata bazara ruwan nan ya sa wa 'yar Jatau ciwon ciki. Sunanta Kyauta, ba ta ko isa ɗaukar tulu ba. Kafin a san abin da ake ciki ta rasu. Tun daga ranar Jatau ya tsani tudun da duk abin da yake kansa. Ya daure aka yi noma aka girbe, sa'an nan ya tura matarsa da sauran yaran zuwa gidan surukansa a kwari, inda aka yi masa alkawarin gona. Ya ce wa wansa, "Yaya, zan tsaya in taya ka sharar gona ta ƙarshe. Amma da zarar hadarin farko ya haɗu, ni ma na bi su. A raba gandu. Ba zan sake binne ɗa a wannan tudu ba."

Maganar ta soki manomin ƙwarai, gama ba shi da wani ɗan'uwa a duniya sai wannan. Ya san in Jatau ya yi shuka a kwari, ya tafi ke nan. Ya kuma san ba roƙo ba ne zai tsayar da shi, sai ruwa. Mahaifinsu kuwa ya sha faɗa tun yana da rai cewa akwai ruwa a ƙarƙashin ƙasa bayan gidansu, kusa da babban gawo, tsufa ne kawai ya hana shi nema. Sai manomin ya tashi ya ce zai gina rijiya a wurin.

Labari ya kai dandali, gardama ta kaure. Kun san mutanenmu da son musu, ko ba a gayyace su ba za su zo da tabarmarsu. Jatau yana cewa babu ruwa, manomin yana cewa akwai, kowannensu kuwa Allah ya ba shi baki. In manomin ya kawo hujja sai a yi tafi, a ce, "Ya gama da shi!" Yawancin mutanen ƙauyen suna bayansa, har wani dattijo ya buga sanda a ƙasa ya ce duk wanda ya musa akwai ruwa ya raina iyayenmu. Manomin ya riƙa komawa gida kansa ya kumbura, amma ko taki ɗaya na ƙasa bai motsa ba.

To, ginin rijiya yana da ƙa'ida. Mutum yakan fara shi kaɗai, amma da zarar rami ya shanye tsayinsa, ransa ya koma hannun wani. Sai an sami mai tsayawa a baki, ya nannaɗa igiya a gungumen da aka gitta, yana janye ƙasa da guga, yana sauraron numfashin na ciki. Ba a ba mai gyangyaɗi wannan aiki, ba a ba mai son hira da masu wucewa. Wanda ya karɓi igiya kuwa ba ya barin bakin rijiya, ko gidansa ke cin wuta, sai na ciki ya fito.

Da ramin ya kai wuyan manomin, sai ya je dandali ya ce, "Ku da kuka ce akwai ruwa, wa zai riƙe mini igiya?" Nan take kowa ya shiga kawo uzuri. Wannan ya ce bayansa yana ciwo. Wancan ya ce yana da jinkar ɗaki. Dattijon nan mai buga sanda ya ce zai sa shi a addu'a. Manomin ya koma bakin ramin ya zauna a kan tarin ƙasa, kunya da baƙin ciki sun rufe shi.

Yana nan zaune sai ga Jatau, da igiya a kafaɗa. Ya jefar da ita ƙasa ya ce, "Kada ka yi murna, Yaya. Ban yarda akwai ko ɗigo a nan ba. Amma ba za a ce ɗan ubana ya mutu a rami don ya rasa mai riƙe masa igiya ba. Sauka."

Haka aikin ya soma, babba a ciki yana sara da dagi, ƙarami a baki yana ja. Gardamar da suka baro a dandali kuwa ta biyo su, sai dai yanzu ba mai tafi.

Jatau yakan leƙa ya ce, "Yaya, wa ya taɓa ganin ruwan nan da idonsa? Gani ya kori ji."

Manomin ya amsa daga ciki ya ce, "Ba wanda ya gani. Amma dubi gawon da yake kanka, ganyensa kore shar a tsakiyar rani. Je ka fasa surin da yake gindinsa, ka ga gara tana gini da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Daga ina take ɗebo ruwan?"

Jatau ya ce, "Gara ta sami na jiƙa bakinta. Wa ya ce maka ya kai na cika tulu?"

Manomin ya yi dariya ya ce, "Wannan kam ka kama ni. Shi ya sa nake tono, ban tsaya a kallon suri ba."

Wata rana Jatau ya ce, "Don Baba ya faɗa ne kawai ka yarda. Da gabas ya nuna maka, da yanzu kana can gabas kana fama."

Manomin ya ce, "Gaskiya ne, a bakin Baba na fara ji. A bakinsa kuma muka ji wane rogon daji ake ci, wanne ke kisa. Jin abu daga uba bai mai da shi gaskiya ba, bai kuma mai da shi ƙarya ba. Sai an gwada."

"To, masu cewa akwai ruwan ma ai bakinsu bai zo ɗaya ba. Wannan ya ce gindin tsamiya, wancan ya ce bakin hanya."

"Sun saɓa a kan wuri. Wannan dalili ne na a nema da kyau, ban ga ya zama dalilin a zauna ba."

Jatau ya janye guga ya juye, ya ce, "Ni dai na san abin da yake damunka. Ƙishirwa ce take sa ka mafarkin ruwa."

"Ban musa ba, ina jin ƙishirwa. Amma gaya mini, me ya sa aka yi maƙogwaro da ƙishirwa in ba a yi ruwa ba?"

"Jin yunwa ba ya sa tuwo ya bayyana a akushinka, Yaya."

"Haka ne. Amma yana nuna ana yin tuwo a duniya."

Haka suka yi ta yi, yau wannan ya kayar, gobe wancan. Wasu amsoshin manomin masu ƙarfi ne, wasu kuwa shi kansa ya san da sauransu, ba ya kuwa jin kunyar faɗa. Mutanen ƙauye suka riƙa ja masa kunne a gefe, suna cewa, "Ka rabu da yaron nan mai baƙin baki, zai kashe maka gwiwa." Sai manomin ya miƙe tsaye, jikinsa duk jar ƙasa, ya ce musu, "Mai baƙin bakin nan bai taɓa sakin igiyata ba. Ku masu farin baki, ina hannuwanku?" Ba wanda ya sake tayar masa da zancen.

Akwai kuma abin da ya lura da shi, ya ɓoye a zuciyarsa. Duk sa'ad da ya fito da yamma, yakan tarar Jatau bai zubar da ƙasar wuri ɗaya ba. Jar ƙasa tana gefe guda, tsakuwa gefe guda, wadda ta ɗan sauya launi kuma an ware ta an murtsuke da hannu. Wanda ya tabbata babu ruwa ba ya ɓata lokaci yana duba ƙasa haka. Manomin ya yi alfahari da ƙanensa, gama ya gane yaron ba gardamar banza yake yi ba, so yake ya sani.

Ana nan sai suka kai ga marmara, dutsen nan mai tauri da ya kori kakanninsu. Dagi yana sara yana tsalle, yini guda bai fi a cika guga kaɗan ba. Zafi ya tsananta, iska ta juya, gizagizai suka fara taruwa a gabas. Jatau ya riga ya ɗaure kayansa, ya aro jakin da zai kai shi kwari. Manomin yana ganin kayan a zaure kowace safiya.

A cikin kwanakin nan Jatau ya daina ba'a. Wata rana da tsaka ya durƙusa a bakin ramin, muryarsa ta sauko a hankali.

"Yaya, a ce gaskiyarka ce. A ce ruwan yana nan, mai sanyi, mai daɗi, a bayan ɗakinmu. To, yana nan kwance ke nan sa'ad da Kyauta take shan na kududdufi? Yana jin kukanta bai taso ba? In babu shi, na haƙura, ba laifin kowa. Amma in yana nan, Yaya, ta yaya zan sha shi?"

Manomin yana da amsa a bakinsa, irin wadda ake yi wa tafi a dandali. Yana iya cewa laifin mutane ne da ba su tona da wuri ba. Yana iya cewa kowane abu da lokacinsa. Ya buɗe baki, sai ya tuna shi ne ya ɗauki yarinyar a hannunsa zuwa makabarta, ya tuna rashin nauyinta. Sai ya ajiye dagi ya jingina da bango, ya yi kuka.

Sa'an nan ya ce, "Ban sani ba, Jatau. Wannan ban san amsarta ba, ba kuwa zan ƙirƙiro maka ba. 'Yata ce ni ma. Abin da na sani ke nan, saboda ita nake cikin ramin nan, da kuma saboda kai."

Igiyar kuwa ba ta yi sako-sako a hannun Jatau ba. Can an jima sai manomin ya share fuska ya ɗauki dagi.

Kashegari da hantsi ya kai sara da dukan ƙarfinsa, dagin ya goce a kan dutse ya tsaga masa ƙafa. Jini ya ɓalle, ya kasa taka ramukan da aka sassaƙa a bango don hawa. Jatau ya ce masa ya ɗaura igiya a ƙugu, shi kuwa ya tokare gungume da ƙafa, ya jawo wansa shi kaɗai har waje, tafin hannunsa duk ya saɓule. Aka ɗaure ƙafar, aka ce ba zai sake shiga rami ba sai bayan damina.

Manomin ya zauna a gindin gawo yana kallon hadari. Ya ce a ransa, shi ke nan, na rasa rijiya, na rasa ɗan'uwa. Bai yi da-na-sanin tonon ba, amma zuciyarsa ta karaya.

Da safe Jatau ya ɗora wa jaki kaya. Sa'an nan ya zo ya tsaya a kan wansa, yana kallon gefe, ya ce, "Dagin nan na maƙeri ne, aro ka yi. Yana can ƙasa. Ba zan tafi in bar mana abin faɗa ba. Hannuwanka dai lafiya suke, ko? Riƙe mini igiya, in ɗauko masa abinsa."

Manomin ya ja jiki zuwa bakin ramin, ya nannaɗa igiya a gungume, ya riƙe. Jatau ya sauka, wannan kuwa ita ce shigarsa ta fari. Igiya ta yi ta tafiya har ta tsaya. Manomin ya jira a girgiza masa ita ya ja. Shiru. Ya leƙa, ba ya ganin kome sai duhu, sanyin ƙasa yana bugo masa fuska. Har ya buɗe baki zai yi kira, sai ya ji ƙara daga can ƙasa.

Dum. Dum. Dum.

Saran dagi ne. Ya san shi kamar yadda ya san muryarsa, sai dai bai taɓa jinsa daga sama ba. Hawaye suka zubo masa, ya ƙara damƙe igiyar. Jaki yana tsaye da kaya a ƙofar gida, rana tana ɗagawa, sara kuwa bai tsaya ba. Can aka girgiza igiya. Ya jawo guga, ya ɗebi ƙasar ya dunƙule a hannunsa, ya buɗe. Ba ta warwatse ba. Ba ruwa ba ne tukuna, amma ta dunƙulu, tana da sanyi.

Sai murya ta taso daga cikin ramin.

"Yaya!"

"Na'am."

"Har yanzu fa ba ka amsa mini tambayata ba."

"Na sani, ƙanena."

Sa'an nan Jatau ya ce, "To, sako gugan."

Ma'anar wannan misali ita ce, ruwan da yake ƙarƙashin ƙasa shi ne Allah mai rai, wanda ido bai gan shi ba, amma ya bar alamunsa a cikin halitta, da cikin ƙishirwar da take zuciyar kowane mutum, da bakin waɗanda suka riga mu. Manomin shi ne mai bi. Jatau kuwa kun san shi. Yana cikin gidajenku. Shi ne ɗanku da ya dawo hutu ya ce, "Baba, in Allah ya yi kome, wa ya yi Allah?" Ita ce 'yar'uwarku da ta daina zuwa sujada tun da aka binne mijinta.

Tambayoyinsu ba sababbi ba ne, kada kuwa su razana ku. Bangaskiyarmu ba ƙwai ba ce da za a ɓoye don kada ta fashe. An yi mata waɗannan tambayoyi tun kafin a haifi kakanninmu, ga ta nan tsaye, ni kuwa ina alfahari da wannan. Ku koyi amsoshin, ku ba da su da fara'a. Inda hujjarku ta ƙare, ku ce ta ƙare. Mai bi wanda ya iya cewa "ka kama ni a nan" ya fi ƙarfin wanda yake rufe bakin yaro da tsawa.

Amma ku lura, a dandali ba a sami ko danshi ba. Akwai mu da yawa, har da mai yi muku wannan magana in bai yi hankali ba, da muke son a ce mun kayar da marar bi, a yi mana tafi, mu koma gida da kumburarren kai. In aka ce wa zai ziyarci marar lafiya, wa zai yafe wa maƙwabci, sai bayanmu ya soma ciwo. Wanda yake shakka yana kallonmu. Ba bakinmu kaɗai yake saurara ba, yana duba ƙasar da take fitowa daga rayuwarmu, yana murtsukewa ya ga ko da danshi.

Sa'an nan akwai tambayar da ba daga kai take fitowa ba, daga rauni take fitowa. In wanda ya binne ɗansa ya ce muku, "Ina Allah yake a ranar?" ina roƙonku, ku haɗiye wayonku. Ku ce ba ku sani ba, in ba ku sani ba. Ku yi kuka tare da shi. Kada kuma ku kore shi daga cikinku don bakinsa yana da zafi, gama sau da yawa mai tambaya da gaske ya fi mai tafi kusa da ruwa. Ku ba shi wuri, ku ba shi aiki, ku amince masa. Mutum yakan fara tono da tambayarsa a baki, Allah kuwa ba ya korar irin wannan mai nema.

Mu masu bi ba mu da amsar kowane hawaye. Abin da muke da shi ke nan, muke kuma taƙama da shi a gaban kowa: Ubangijinmu bai tsaya daga sama yana jefo mana bayani ba. Almasihu ya sauko da kansa cikin raminmu, ya ji ƙishirwa, ya zub da jini, aka binne shi kamar yadda ake binne namu, ya kuwa tashi. Don haka in kun koma gida yau, ku nemi wannan naku mai yawan tambaya. Kada ku je don ku kayar da shi. Ku zauna kusa da shi, ku bar shi ya tambaya har ya gama, gobe kuma ku sake komawa.